Saul Hertz

Saul Hertz (20 ga Afrilu, 1905 – 28 ga Yuli, 1950) likita ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya yi fice wajen binciken cututtukan tayirod. Yana cikin mutanen farko da suka yi amfani da sinadarin aidin mai fitar da radiyeshin domin auna yawan aidin da tayirod ke zuƙa, kuma shi ne ya fara ba mara lafiya wannan sinadari a matsayin magani, a shekarar 1941. Ya yi aikin ne tare da masanin fiziks Arthur Roberts. Tsarin da suka kafa, wato a fara auna abin da tayirod ke zuƙa sannan a yanke yawan maganin da za a bayar, har yau shi ake bi a sassan likitancin nukiliya na asibitoci. Hertz ya mutu yana da shekara 45, kuma an daɗe ba a ba shi cikakken yabon da ya cancanta a kan wannan aiki ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hertz a birnin Cleveland na jihar Ohio. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Poland zuwa Amurka, kuma shi ne na uku cikin 'ya'ya maza bakwai. Ƙanensa Roy Hertz shi ma likita ne, wanda ya shahara a binciken maganin ciwon daji.

Yankin da ya taso, wato kewayen manyan tafkunan arewacin Amurka, ya yi ƙaurin suna a wancan zamani da yawan masu maƙoƙo, saboda ƙarancin aidin a ƙasa da ruwan wurin. A Cleveland ne likita David Marine ya yi binciken da ya tabbatar cewa aidin na hana maƙoƙo, kuma daga 1917 ya gwada hakan a kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron. A 1924 aka fara sayar da gishiri mai aidin a jihar Michigan. A wannan shekarar ce Hertz ya kammala digirinsa na farko a Jami'ar Michigan.

Daga nan ya shiga Makarantar Likitanci ta Harvard, a lokacin da manyan makarantun likitanci da dama a Amurka ke ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa da suke ɗauka. Ya kammala a 1929, sannan ya koma Cleveland ya yi horon aiki na shekara biyu a Asibitin Mount Sinai.

Aiki a Boston

A 1931 Hertz ya koma birnin Boston, ya kama aiki a Babban Asibitin Massachusetts, inda ya shugabanci sashen tayirod har zuwa 1943. Shugaban sashen likitanci na asibitin a lokacin shi ne James Howard Means, wanda shi ma masani ne a fannin tayirod.

Tayirod wata 'yar halitta ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Aikinta shi ne ta zuƙo aidin daga cikin jini ta haɗa sinadaran homon da ke daidaita saurin aikin jiki, kamar bugawar zuciya da ɗumin jiki da sarrafa abinci. Tun 1895 masanin Jamus Eugen Baumann ya gano cewa akwai aidin mai yawa a cikinta, kuma a 1914 Edward Kendall ya ware homon ɗinta da ake kira tairoksin.

Da yawa daga cikin marasa lafiyar da ke zuwa sashen Hertz suna fama ne da cutar Graves, inda tayirod ke yin aiki fiye da ƙima. Mai wannan cuta yakan rame ko da yana cin abinci sosai, zuciyarsa na bugawa da sauri, hannuwansa na rawa, yana yawan gumi, wani lokaci kuma idanunsa su firfito. Babban magani a lokacin shi ne tiyata, a yanke mafi yawan tayirod ɗin. Akan ba mara lafiya ruwan aidin na 'yan kwanaki kafin tiyatar domin cutar ta lafa, dabarar da Henry Plummer ya yaɗa a 1923. Duk da haka tiyatar na da haɗari: zubar jini, lalacewar jijiyar murya, da tashin cutar farat ɗaya wanda kan kai ga mutuwa. Ban da wannan, likitoci ba su da hanyar ganin abin da tayirod ke yi da aidin a jikin mai rai. Abin da suke iya aunawa shi ne yawan iskar oksijin da mara lafiya ke shaƙa yana kwance, daga nan su ƙiyasta ƙarfin cutar.

Tambayar da ta buɗe hanya

A 1934 Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka nuna a Faransa cewa ana iya mayar da sinadari na yau da kullum ya zama mai fitar da radiyeshin. A wannan shekarar kuma Enrico Fermi da abokan aikinsa a Italiya suka yi hakan da sinadarai masu yawa, har da aidin. Sai dai labarin bai riga ya isa ga yawancin likitoci ba.

Ranar 12 ga Nuwamba, 1936, shugaban Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, Karl Compton, ya gabatar da jawabi a Makarantar Likitanci ta Harvard a kan irin gudummawar da fiziks zai iya ba ilimin halittu da likitanci. Bayan jawabin, Hertz ya tambaye shi ko za a iya ƙirƙirar aidin mai fitar da radiyeshin. Compton ba shi da amsa a take. Ranar 15 ga Disamba ya aika wa Hertz wasiƙa yana shaida masa cewa hakan mai yiwuwa ne, kuma irin aidin da aka samu yana da rabin rayuwa na minti 25.

Tunanin Hertz mai sauƙi ne. Tayirod ba ta bambance aidin na gama-gari da mai radiyeshin, domin a fuskar haɗuwar sinadarai duk ɗaya suke. Idan aka ba jiki mai radiyeshin, tayirod za ta tattara shi da kanta. Kaɗan daga cikinsa ya isa a bi sawunsa da na'ura a san inda ya tafi da yawan da ya isa. Mai yawa kuma zai iya ƙona ƙwayoyin tayirod daga ciki, ba tare da wuƙar tiyata ba.

Gwaji a kan zomaye

A 1937 aka ƙulla haɗin gwiwa tsakanin asibitin da MIT. Dakin binciken Robley Evans ne ya ɗauki ɓangaren fiziks, aka kuma ɗauki matashin masani Arthur Roberts domin ya yi aikin. Roberts ya riƙa samar da aidin-128 ta hanyar harba ƙwayoyin nutiron daga haɗin sinadaran radiyam da beriliyam.

Babbar matsalarsu ita ce lokaci. Rabin rayuwa na nufin tsawon lokacin da rabin radiyeshin ɗin sinadari ke ɗauka kafin ya ƙare. Da yake na aidin-128 minti 25 ne, bayan minti 50 kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, bayan minti 100 kuma kashi ɗaya cikin 16. Saboda haka dole su haɗa sinadarin, su yi wa zomo allura, su cire sassan jikinsa, su auna su da na'urar Geiger, duk cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Sun yi gwajin farko a kan zomaye 48, aka buga sakamakon a 1938 da sunayen Hertz da Roberts da Evans. Sun gano cewa tayirod na tattara aidin cikin 'yan mintuna, kuma fiye da sauran sassan jiki nesa ba kusa ba. Sun kuma gano cewa tayirod da aka zaburar ta kumbura tana zuƙar aidin fiye da lafiyayya. Wannan na biyun shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin ya nuna cewa yawan zuƙar aidin ma'auni ne na ƙarfin aikin tayirod, kuma tayirod mai cuta ita ce za ta jawo wa kanta mafi yawan maganin.

Ba su kaɗai ke wannan bincike ba. A Paris, Charles Leblond na nazarin aidin mai radiyeshin a jikin dabbobi. A Berkeley ta jihar Kalifoniya, Glenn Seaborg da John Livingood sun gano aidin-131 a 1938, wanda rabin rayuwarsa kwana 8 ne, sannan Joseph Hamilton da Mayo Soley suka auna zuƙar aidin a jikin mutane ta hanyar ɗora na'urar Geiger a wuya.

Daga awo zuwa magani

Aidin-128 ba ya daɗewa, kuma ɗan abin da ake samu bai isa yin magani ba. Gidauniyar John da Mary Markle ta New York ta ba da dala 30,000 aka gina na'urar saikulotiron a MIT, wadda ta fara aiki a 1940. Da ita aka samu aidin-130, mai rabin rayuwa na kimanin awa 12, gauraye da ɗan aidin-131.

Hertz da Roberts sun fara da ba masu cutar Graves ɗan kaɗan domin awo kawai. Sun bi hanyoyi uku: auna radiyeshin daga wajen wuya, auna aidin da ya fita ta fitsari, da auna naman tayirod da aka cire daga waɗanda aka yi wa tiyata. Hikimar awon fitsari ita ce, aidin da tayirod ba ta kama ba, ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa. Idan an san abin da aka bayar da abin da ya fita, za a iya ƙiyasta abin da ya tsaya a wuya. Sun tabbatar cewa tayirod ɗin masu cutar Graves na riƙe kaso mai yawa na aidin da aka ba su, kuma idan an riga an ba mutum aidin na gama-gari, zuƙar takan ragu sosai.

Ranar 31 ga Maris, 1941, Hertz ya ba wata mata mai cutar Graves aidin mai radiyeshin da nufin warkarwa. Daga lokacin zuwa 1943 ya yi wa mutum 29 wannan magani, yana rubuta yawan abin da aka ba kowa, da abin da tayirod ɗinsa ta zuƙa, da ƙiyasin nauyinta, da yadda jikinsa ya kasance daga baya. An lasafta 20 daga cikinsu a matsayin waɗanda suka warke. A Berkeley, Hamilton da John Lawrence sun fara irin wannan magani a ƙarshen 1941, kuma ɓangarorin biyu sun gabatar da rahotannin farko a taron likitoci masu bincike a 1942.

Akwai wani abu da ya rage ƙarfin hujjar Hertz. Bayan aidin mai radiyeshin, akan ci gaba da ba marasa lafiyarsa aidin na gama-gari domin kariya daga tashin cutar. Tun da shi ma wannan yana lafar da cutar Graves na wani lokaci, masu suka sun samu damar tambaya ko wanne daga cikin biyun ne ya yi aikin.

Yaƙi da taƙaddamar 1946

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba abokan aikin. Roberts ya koma binciken na'urar rada a MIT, Hertz kuma ya shiga sashen lafiya na rundunar sojin ruwan Amurka a 1943. Ya bar marasa lafiyarsa a hannun wani likitan asibitin, Earle Chapman. Chapman ya ci gaba da aikin tare da Evans, amma ya sauya tsari: ya ƙara yawan aidin mai radiyeshin, ya kuma daina ba da na gama-gari a bayansa.

Bayan yaƙi, Chapman da Evans suka aika da rahotonsu ga mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ba tare da sunan Hertz ko Roberts a cikin marubuta ba. Da Hertz ya samu labari, shi da Roberts suka kammala nasu rahoton a kan mutum 29 ɗin. Mujallar, ƙarƙashin editanta Morris Fishbein, ta buga rahotannin biyu a fitowa ɗaya, ranar 11 ga Mayu, 1946, daga asibiti ɗaya kuma a kan magani ɗaya. A fuskar ilimi rahotannin sun ƙarfafi juna, domin na Hertz ya nuna hanyar da kuma bibiyar marasa lafiya na tsawon shekaru, na Chapman kuma ya nuna cewa radiyeshin shi kaɗai ya isa. A fuskar zumunci kuwa, dangantaka ta lalace, kuma Hertz bai koma kujerarsa ta Babban Asibitin Massachusetts ba.

Shekarun ƙarshe

Hertz ya koma Asibitin Beth Israel da ke Boston, ya kuma ci gaba da koyarwa a Harvard. A 1946 ne gwamnatin Amurka ta fara raba sinadarai masu radiyeshin daga tukunyar nukiliya ta Oak Ridge ga asibitoci da masu bincike. Wannan ya sa aidin-131 ya wadata kuma ya yi araha, har ya maye gurbin aidin-130.

A wannan shekarar Hertz ya kafa cibiyar binciken sinadarai masu radiyeshin a Boston, tare da haɗin gwiwar Samuel Seidlin na Asibitin Montefiore da ke New York. Seidlin ne ya buga, a Disamba 1946, rahoton wani mai ciwon dajin tayirod da ya bazu a jiki, wanda aidin mai radiyeshin ya yi wa tasiri. Hertz ya mayar da hankalinsa ga ciwon daji, yana ganin cewa idan aka samu sinadarin da wani nau'in ƙari ke zuƙa, za a iya bin hanyar da aka bi da tayirod. A 1949 ya buɗe sashen binciken wannan fanni a Asibitin Mata na Massachusetts. Ya mutu sakamakon bugun zuciya ranar 28 ga Yuli, 1950.

Yadda ake yin gwajin a yau

Na'urori sun canza, amma tsarin gwajin bai canza ba. Mara lafiya yakan haɗiyi ƙwaya ko ruwa mai ɗauke da ɗan aidin-123, wanda rabin rayuwarsa awa 13 ne, ko kuma ɗan aidin-131. Kafin ya haɗiya, akan auna ƙwayar a cikin wani mazubi da aka ƙera ya yi kama da wuyan mutum. Bayan awa 4 zuwa 6, da kuma bayan awa 24, sai a saita na'urar ƙidaya a gaban wuyansa, a tazara ɗaya da wadda aka auna ƙwayar. Na'urar yanzu tana amfani da ƙanƙarar sinadarin sodiyam ayodaid, wadda Robert Hofstadter ya nuna amfaninta a 1948, kuma ta fi na'urar Geiger iya kama hasken gama.

Akan kuma auna cinya. Dalili shi ne, wani ɓangare na abin da na'ura ke ji a wuya daga jinin da ke gudana ne da naman wurin, ba daga tayirod ba. Cinya ta yi kusan kaurin wuya amma babu tayirod a cikinta, don haka sai a debe ƙidayarta daga ta wuya. Abin da ya rage sai a raba shi da ƙidayar ƙwayar, bayan an gyara lissafin raguwar radiyeshin na tsawon lokacin, a ninka da 100. Alal misali, idan wuya ya ba da 5,500, cinya 500, ƙwaya kuma 20,000, zuƙar ta zama kashi 25 cikin 100.

Ga lafiyayyen mutum, sakamakon awa 24 yakan kasance tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100, ko da yake iyakar na bambanta gwargwadon yawan aidin a abincin jama'ar wuri. Zuƙa mai yawa tana nuna cutar Graves, ko ƙulli mai aiki fiye da ƙima, ko ƙarancin aidin a jiki. Zuƙa kaɗan ga wanda homon ya yi wa yawa a jini tana nuna kumburin tayirod da ke zubar da homon da ta tara, ko shan ƙwayar homon fiye da ƙima, ko yawan aidin daga wasu magunguna da ruwan ɗaukar hoto na asibiti. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin aidin mai radiyeshin ba zai amfani wanda tayirod ɗinsa ba ta zuƙa ba.

Sakamakon kuma na shiga lissafin magani. Idan mutum biyu na da tayirod mai nauyi ɗaya, na farko na zuƙar kashi 80 na biyu kuma kashi 40, to na biyun na bukatar ninki biyu na abin da za a ba na farkon kafin radiyeshin daidai ya isa wuyansu. Aidin-131 ake amfani da shi wajen magani saboda ƙwayoyin beta da yake fitarwa ba sa wuce milimita ɗaya zuwa biyu a cikin nama, don haka ɓarnarsu na tsayawa a tayirod. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa gwajin ko maganin. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa maganin tayirod ɗinsu kan yi rauni daga baya, sai su riƙa shan ƙwayar homon kullum.

Karramawa

Shekaru da dama bayan mutuwarsa, sunan Hertz bai fito sosai a tarihin wannan magani ba. Iyalinsa sun adana takardunsa, ciki har da wasiƙar Compton da jadawalin marasa lafiya da ya rubuta da hannunsa, kuma waɗannan takardu sun taimaka wajen tabbatar da rawar da ya taka. Roberts, wanda ya rayu har 2004, shi ma ya riƙa jaddada cewa tunanin na Hertz ne.

Ƙungiyar likitancin nukiliya ta Amurka tana ba da lambar yabo mai ɗauke da sunansa ga waɗanda suka yi fice a magani da sinadarai masu radiyeshin. A 2021 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka ta ayyana aikinsa a Babban Asibitin Massachusetts a matsayin abin tarihi na ƙasa. Masu fannin da ke haɗa gano cuta da warkar da ita ta hanyar sinadari guda suna ɗaukar ranar 31 ga Maris, 1941 a matsayin mafarin fanninsu, kuma a yau ana bin wannan tsari wajen maganin wasu nau'o'in ciwon daji, har da na mafitsarar maza.